Babi na Shida: Wa Ke Riƙe da Akalar Jirgi a Sararin Sama?

Maniyyacin da ya hau jirgi a Kano ko Yamai zai nufi Jidda yakan ɗauka cewa tun daga tashi har sauka akwai wani bawan Allah a gaba ya ƙanƙame sitiyari, idonsa a kan hanya. Matuƙi ne dai yake ɗaga jirgin daga ƙasa da hannunsa, amma jim kaɗan bayan tayoyi sun shige ciki sai ya danna maɓalli, na'urar tuƙi da ake kira otofailot ta karɓa. Ita za ta hau da jirgin sama da ƙafa dubu 30, ita za ta bi hanyar da aka shigar wa kwamfuta tun ana ƙasa, ita za ta daidaita wutar inji, sau da yawa kuma ita za ta gangaro da shi har a hango titin sauka. A 2015 jaridar New York Times ta kawo wani bincike da matuƙan Boeing 777 suka ce abin da suke tuƙawa da hannu a tafiya guda bai wuce kimanin minti bakwai ba. Na Airbus ma ba su kai haka ba.

Tambayar da ke biyo baya a fili take. Tunda na'ura ke yin kusan dukkan tuƙin, me mutum biyun nan suke yi a gaba, kuma me zai hana a sallame su? Kamfanonin ƙera jirage da hukumomi da ƙungiyoyin matuƙa sun shekara suna ja-in-ja a kan wannan. Kafin mai karatu ya ɗauki ɓangare, ya kamata ya san yadda aka zo nan.

Daga mutum biyar zuwa biyu

Na'urar tuƙi ta kusa tsufan jirgin kansa. Shekara 11 bayan 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright sun tashi a 1903, wani matashi Ba'amurke mai suna Lawrence Sperry ya je wata gasa a kusa da Faris a watan Yunin 1914. Ya bi ta gaban alƙalai ya ɗaga hannayensa biyu sama, makanikensa kuma ya fita ya taka fiffike, jirgin bai karkace ba. A 1947 wani jirgin sojan Amurka samfurin C-54 ya ƙetare Tekun Atlantika daga tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada, zuwa Ingila, tashi da tafiya da sauka duk na'ura ta yi, mutanen ciki suna sa ido kawai. A 1965 jirgin fasinja samfurin Trident da ya taso daga Faris ya sauka a Landan, na'ura ce ta ɗora shi a kan titi.

Duk lokacin da na'ura ta ƙara wayo, sai kujera ɗaya ta ragu a ɗakin tuƙi. Manyan jiragen da ke ƙetare teku a shekarun 1950 mutum biyar suke ɗauka a gaba: kyaftin, mataimakinsa, injiniya, mai duba hanya da taswira da taurari, da mai rediyo. Mai rediyo ne ya fara tafiya, mai taswira ya bi shi. Injiniyan ya ɗan jima, sai a farkon shekarun 1980 jirage irin Boeing 767 suka fito da kujera biyu kawai. Kowane karo ƙungiyoyin ma'aikata sun yi kashedin cewa za a yi asarar rayuka, kowane karo kuma haɗurra raguwa suka yi. Masu son a ƙara rage kujera ba sa gajiya da tuna wa mutane wannan tarihi.

A 1988 Airbus ya fito da A320, wanda ya sauya dangantakar matuƙi da jirginsa. A da, idan matuƙi ya ja sanda, igiyoyin ƙarfe da bututun mai ne ke kai motsin hannunsa zuwa fukafukai. A sabon tsarin, ɗan sandan da ke gefensa saƙo yake aika wa kwamfuta, ita kuma ta duba ko abin da ya nema zai jefa jirgin cikin haɗari. Idan ya nemi karkata fiye da ƙima, ba za ta ba shi ba.

Hujjar masu cewa a sallami matuƙi

Hujjarsu ta farko ita ce rai. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta fushi, ba ta jin nauyin gaya wa babba ya yi kuskure. A watan Agustan 2022 wani jirgin Habasha da ya taso daga Khartum ya wuce filin Addis Ababa yana can sama bai fara gangarowa ba, aka ruwaito cewa matuƙan biyu barci ya kwashe su, sai ƙarar gargaɗi ta farkar da su. Na'urar da ke kashedin cewa jirgi ya doshi dutse ko ƙasa, wadda aka fara wajabtawa a Amurka a tsakiyar shekarun 1970, ta rage wani nau'in haɗari da a da yake cin ɗaruruwan rayuka. A 2002 kuma, a saman garin Uberlingen na Jamus, jirage biyu sun yi karo mutum 71 suka mutu, bayan na'urar hana karo ta ce wa ɗayan ya hau sama, jami'in ƙasa ya ce ya sauka, matuƙan suka bi maganar mutum. Da sun bi na'ura da an wuce lafiya.

Hujja ta biyu kuɗi ce. A 2017 bankin UBS ya ƙiyasta cewa jiragen da ba matuƙi za su iya rage wa harkar kashe kimanin dala biliyan 35 a shekara. Boeing kuma yana hasashen cewa duniya za ta buƙaci sabbin matuƙa fiye da dubu 600 cikin shekara 20. Doguwar tafiya kan ci matuƙa uku ko huɗu saboda hutu, kowanne da albashinsa da otal ɗinsa da kuɗin horonsa.

Hujja ta uku ita ce an riga an gwada an gani. Tun 2001 jirgin leƙen asiri maras matuƙi na Amurka, Global Hawk, ya tashi daga Kalifoniya ya sauka a Ostareliya. A watan Disambar 2019 Airbus ya sa jirgin A350 ya tashi da kansa a Toulouse, yana kallon layin tsakiyar titi da kyamara. A 2020 aka amince da wata na'urar kamfanin Garmin a ƙananan jirage: idan matuƙi ya suma, fasinja ya danna maɓalli guda, jirgin ya zaɓi fili, ya sanar da hasumiya, ya sauka, ya taka birki. A ƙarshen 2023 kamfanin Reliable Robotics ya tayar da jirgin ɗaukar kaya samfurin Cessna Caravan a Kalifoniya ba kowa a ciki. Ko a nan gida, tun 2022 ƙananan jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline suke kai magani da allurar rigakafi asibitocin karkara a Jihar Kaduna, kamar yadda suke yi a Ruwanda da Gana.

Ashe kenan ba a kan iya tuƙi ake gardama ba. Kwamfuta ta iya, a ranar da komai ke tafiya daidai ma ta fi mutum santsin hannu. Gardamar tana kan ranar da abubuwa suka ƙi.

Minti huɗu a saman Atlantika

Daren 1 ga Yunin 2009, jirgin Air France mai lamba 447, samfurin A330, yana kan hanyarsa daga Rio de Janeiro zuwa Faris da mutum 228. Yana ƙafa dubu 35, kyaftin ya tafi hutunsa, mataimaka biyu suna gaba. Sai suka shiga wani hadari. A jikin hancin jirgi akwai wasu 'yan bututu guda uku da iska ke shiga, da su ake auna gudu. Ƙanƙara ta toshe su. Da kwamfuta ta ga alƙaluman gudu sun saɓa wa juna, sai ta yi abin da aka tsara mata: ta saki tuƙin, ta buga ƙararrawa, ta kuma janye wani ɓangare na kariyar da take ba jirgin.

A wannan lokacin jirgin lafiyarsa ƙalau. Injuna biyu suna aiki, fukafukai ba abin da ya same su, toshewar ma ba ta kai minti guda ba. Da an riƙe shi a miƙe yadda yake, da ya wuce. Amma matuƙin da ke riƙe da sanda ya ja ta baya, hancin jirgin ya ɗaga, ya hau har kusan ƙafa dubu 38, gudunsa yana zubewa. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska tana bin jikinsa sumul. Idan hanci ya ɗaga fiye da ƙima, iskar sai ta rabu da fiffiken, jirgin ya fara faɗowa ko da injuna suna ruri. Maganin da ake koya wa ɗalibi tun a makonnin farko shi ne ya sunkuyar da hanci.

Muryar gargaɗi ta yi ta kira kusan minti guda ba tsayawa, ba wanda ya ambace ta a cikinsu. Ga kuma wani abin takaici a tsarin: da gudun ya yi ƙasa ƙwarai, kwamfuta ta ɗauka awon ƙarya ne, sai ta yi shiru. Duk sanda matuƙin ya ɗan sunkuyar da hanci, wato ya yi daidai, awon ya dawo, sai gargaɗin ya sake tashi, kamar ana ce masa ya yi kuskure. Sandunan biyu kuma ba a haɗe suke ba, na hagu ba ya jin abin da na dama yake yi da hannunsa. Kyaftin ya dawo ya tarar da ruɗani. Daga sakin tuƙi zuwa faɗawa teku minti huɗu ne da 'yan daƙiƙu. Sai a 2011 aka ciro akwatunan naɗar bayanai daga zurfin kusan mita dubu huɗu.

Kowane ɓangare yana kafa hujja da wannan dare. Masu son na'ura suna cewa ga shi nan, mutum ne ya kayar da lafiyayyen jirgi. Matuƙa suna cewa na'urar ce ta fara gudu daga fagen. Tun a 1983 wata masaniya 'yar Birtaniya, Lisanne Bainbridge, ta bayyana wannan tarko a wata maƙala da har yau ake karantawa. Injiniya yakan ba na'ura duk aikin da ya san yadda zai tsara, ya bar wa mutum ragowar da ta gagare shi, wato mafi wuya. Sannan ya zaunar da mutumin sa'o'i yana kallon allo, aikin da ɗan Adam bai iya ba, hannunsa yana sanyi saboda rashin yi. Ranar da abu ya ɓaci, sai a ce ya karɓa nan take. Kamar a tashi mutum daga barci ne a miƙa masa sitiyarin tirela tana gangara, a ce ga ta nan.

Bayan haɗarin Air France ɗin da na jirgin Asiana a San Faransisko a 2013, inda matuƙa suka zaci na'ura tana kula da gudu alhali ba ta yi, hukumomi sun ƙara matsa wa kamfanoni su bar matuƙa su riƙa tuƙi da hannu, a kuma horar da su kan farfaɗo da jirgin da ya kuɓuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ba a rubuta a littafi ba

Ana yawan cewa kuskuren mutum ne ke jawo mafi yawan haɗurran jirgi. Gaskiya ne, amma lissafin rabi ne. Haɗari ana ƙirga shi, a kafa kwamiti, a buga rahoto. Haɗarin da matuƙi ya kawar kuwa ba mai ƙirgawa, domin jirgin ya sauka, fasinja sun ɗauki kayansu sun tafi. Masu bincike na hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, da suka waiwayi wannan gefe sun nuna cewa a kusan tafiya ɗaya cikin biyar matuƙa kan shawo kan wata tangarɗar na'ura ba tare da wani a baya ya sani ba.

Wani lokaci kuma duniya takan gani. Ranar 15 ga Janairun 2009 jirgin US Airways samfurin A320 ya tashi daga filin LaGuardia na New York, bai kai ƙafa dubu uku ba ya shiga garken dinya, injuna biyu suka mutu. Takardar matakan da aka tanada don mutuwar injuna biyu shafi uku ce, an rubuta ta ne da zaton jirgi yana can sama da lokaci a hannu. Kyaftin Chesley Sullenberger bai jira a kai ga layin ba, ya kunna ƙaramin injin wuta da ke jelar jirgin, wanda hakan ya sa kwamfutocin kariya suka ci gaba da aiki. Ya auna komawa fili, ya ga tsakaninsa da shi akwai gidajen jama'a, ya zaɓi Kogin Hudson. Mutum 155 duk suka fita da rai. Adalci shi ne a faɗi sauran labarin: a daƙiƙun ƙarshe kwamfutar ta hana hancin ɗagawa fiye da ƙima, kuma a gwajin da aka yi daga baya a na'urar kwaikwayo, wasu matuƙan sun iya komawa filin idan sun juya nan take, amma da aka ƙara daƙiƙa 35 na tunani ba a kai ba. Mutum da na'ura ne suka yi aikin tare.

A watan Nuwambar 2010 kuma injin wani A380 na Qantas ya fashe bayan tashi daga Singafo da mutum 469. Ɓaraguzai suka huda fiffike, suka yanke wayoyi, mai yana zuba. Kwamfuta ta dinga jero saƙonnin lalacewa, gomiya bayan gomiya, wasu suna ba da umarnin da bai dace da halin da ake ciki ba, kamar a tura mai zuwa fiffiken da ke yoyo. Aka yi sa'a ranar matuƙa biyar ne a gaba. Sun shafe kusan minti 50 suna tace saƙonnin, suna bin wasu suna ƙin wasu. Da suka nemi kwamfuta ta lissafa musu tsawon titin da za su buƙata, ta kasa ba da amsa, sai da ɗayansu ya cire zaton cewa titin a jiƙe yake, tunda a bushe yake. Suka sauka da ɗan ragowar titi a gabansu.

Babu injiniyan da ya zauna ya tsara wa irin wannan rana. Aikin matuƙi na gaskiya yana nan: yanke hukunci da guntun bayani, a kan abin da bai taɓa faruwa ba. Haka nan shi ne zai duba fasinjar da naƙuda ta kama a saman Sahara ya zaɓi inda za a sauka, shi ne zai ji ƙaurin hayaƙin da allo bai nuna ba, shi ne Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba ikon a tsare fasinjan da ya tayar da hankali.

Kuskuren da aka yi a ofis

Akwai kuma wani ruɗi a cikin cewa cire matuƙi cire kuskuren mutum ne. Mutane ne ke rubuta manhaja. Boeing ya ɗora wa 737 MAX manyan injuna da suka sauya yadda hancinsa ke ɗagawa, sai ya saka wata manhaja mai suna MCAS da ke danna hancin ƙasa da kanta. Da awon na'ura guda ɗaya tak take aiki a lokaci guda, kuma ba a bayyana ta a littafin matuƙa ba. Da awon ya yi ƙarya, manhajar ta dinga danna hanci tana maimaitawa. Jirgin Lion Air ya faɗi a Indunusiya a watan Oktoban 2018 da mutum 189, na Habasha ya bi a watan Maris na 2019 da mutum 157, cikinsu har da marubucin nan ɗan Najeriya, Farfesa Pius Adesanmi. Aka dakatar da samfurin kusan wata 20. Kuskuren matuƙi jirginsa kaɗai yake shafa. Kuskuren manhaja yana cikin kowane jirgi da aka ƙera da ita.

Shi ya sa ƙa'idar amincewa take da tsauri. Duk lalacewar da za ta iya hallaka jirgin fasinja, dole mai ƙera shi ya nuna cewa yiwuwarta ba ta wuce sau ɗaya cikin sa'o'in tashi biliyan ɗaya ba. Sa'a biliyan ɗaya ta haura shekara dubu 114, ba wanda zai gwada wannan a aikace. Da lissafi ake tabbatarwa, a bi manhajar layi-layi a nuna abin da za ta yi a kowane hali. Manhajar gargajiya tana karɓar irin wannan bincike, amma ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta mata. Ƙirƙirarriyar basira, wadda ake fatan za ta iya da abin da ba a rubuta ba, daga miliyoyin misalai take koyo, kuma ko waɗanda suka gina ta ba za su iya buɗe ta su nuna dalilin kowane hukuncinta ba. Gaba kura baya sayaki: wadda za a iya tantancewa ba ta da dabara, mai dabarar kuma har yanzu ba a gama samo hanyar tantance ta ba.

Ga shi kuma abin da za ta yi gasa da shi ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta ƙirga tashi miliyan 40.6 a 2024, bakwai ne kawai a ciki aka rasa rai. Motar da ke tuƙa kanta tana gasa ne da direbobin da ke kashe fiye da mutum miliyan ɗaya a shekara a titunan duniya, kuma idan ta rikice tana iya gangarawa gefe ta tsaya. Jirgi ba shi da gefen titi.

Rabin aikin a ƙasa yake

Duk wanda ya taɓa kwana a filin jirgin Kano ko Maiduguri saboda hazon hunturu ya san cewa wayon jirgi kaɗai ba ya saukar da shi. Saukar da na'ura ke yi cikin hazo tana buƙatar wasu na'urori a bakin titi masu aika siginar rediyo, da fitilu na musamman, da wutar da ba ta ƙiftawa, da gwaji a kai a kai, da shingen da zai hana mota ko dabba kusantar wurin. Filaye ƙalilan ne a duniya suke da mafi girman matakin wannan tsari, yawancin na Afirka ba su da shi.

Sannan har yau da baki ake yawancin magana tsakanin jirgi da hasumiya, ta rediyo, da Turancin da kowa ke yi da karin harshensa. A wasu sassan samaniyar Afirka da rada ba ta kai ba, matuƙa da kansu suke sanar da juna inda suke a wata tasha ta musamman. Idan aka ce a mayar da matuƙin ƙasa ya riƙa lura da jirage daga ofis, to an rataya rayukan mutane a kan igiyar sadarwa, wadda kan yanke, kuma ana iya yi mata kutse. Tun daga 2023 ɗaruruwan jiragen fasinja a kullum suke cin karo da siginar GPS ta bogi a Gabas ta Tsakiya da kewayen Bahar Aswad da yankin Baltik, har allo ya nuna jirgi yana inda ba ya nan. Matuƙa ne ke ganewa su koma wa wasu hanyoyin.

To ko a bar mutum ɗaya?

Saboda duk wannan, ba wani babban kamfani da ke maganar jirgin fasinja maras matuƙi a nan kusa. Abin da aka sa a gaba shi ne a fara barin matuƙi ɗaya a kujera lokacin da jirgi ya daidaita a sama, ɗayan ya je ya kwanta, daga baya a koma matuƙi ɗaya tun daga tashi. Kamfanonin Airbus da Dassault sun nuna sha'awa, hukumar kula da lafiyar jirage ta Turai, EASA, ta sa aka yi nazari. A 2025 sakamakon ya fito: da irin ɗakin tuƙin da ake da shi yanzu, ba a iya nuna cewa mutum ɗaya zai ba da amincin da biyu ke bayarwa ba. Dokar Amurka ma har yanzu biyu ta wajabta a manyan jiragen haya.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A watan Fabrairun 2024 wani jirgin Lufthansa daga Frankfurt zuwa Sabil ya yi kimanin minti goma ba mai kula da shi: kyaftin ya shiga bayi, mataimakin ya suma a kujera, ƙofa kuma a kulle. Otofailot ta riƙe jirgin, wannan abin yabo ne, amma kyaftin ne ya dawo ya karkata zuwa Madrid ya sauke shi. A 2015 kuma mataimakin matuƙin Germanwings ya kulle kyaftin a waje ya kai jirgin cikin duwatsun Faransa da gangan, mutum 150 suka hallaka. Matuƙi na biyu yana nan ne don ya kama kuskuren na farko, ya ce masa a'a, ya karɓa idan ya faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai wani abin da lissafin kuɗi ke mantawa. Kujerar dama, ta mataimaki, ita ce makarantar kyaftin. Yaron da ya gama Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da 'yan ɗaruruwan sa'o'i yake fitowa. Shekarun da zai yi a gefen manya, yana ganin yadda suke karanta hadari da yadda suke cewa yau ba za mu tashi ba, su ne za su mayar da shi wanda za a damƙa wa rayuka 300. Idan aka cire kujerar, daga ina za a samo ƙwararren da za a bari shi kaɗai?

Fasinja ma suna da ta cewa. A binciken UBS ɗin nan, cikin mutum kusan dubu takwas da aka tambaya, kashi 54 cikin ɗari sun ce da wuya su hau jirgin da ba matuƙi, kashi 17 kawai suka ce za su hau. Wannan na iya sauyawa, kamar yadda mutane suka saba da jirgin ƙasan Dubai da ba direba tun 2009. Sai dai kafin jirgi ya ƙetare iyaka da sabon tsari, dole ƙasashen da zai bi ta samansu su yarda, kuma ƙasashe 193 ne a hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO.

Inda aka dosa

Hanyar da ta fi kama da gaskiya a hankali za a bi ta. Ƙananan jiragen kaya za su fara tashi ba matuƙi a kan hanyoyin da ba jama'a a ƙarƙashi, su tara shekarun shaida. A manyan jirage kuwa na'ura za ta ci gaba da karɓar ayyuka ɗaya bayan ɗaya: tafiya a ƙasa zuwa titi, gangarowar gaggawa idan iskar ciki ta zube, zaɓen filin da za a karkata, sauka da kanta idan matuƙan biyu suka kasa. Airbus ya gwada irin wannan a A350 a 2023. Jirgin da aka ƙera yau kuma zai yi shekara 25 ko fiye yana aiki, kuma da kujera biyu ake ƙera shi.

Don haka matashin da ke tambaya ko ya shiga koyon tuƙin jirgi ko na'ura za ta ƙwace aikin, amsar ita ce ya shiga, amma ya san cewa zai yi karatun kwamfutar jirginsa kamar yadda zai koyi sandarsa, kuma kada ya bar hannunsa ya yi sanyi. Hukumominmu kuma abin da ke gabansu ya fi wannan gardama sauƙi: na'urorin sauka masu aiki, wuta tsayayya, rada, shinge, da horo. Ribar da aka samu cikin shekara ɗari ta zo ne daga haɗa mutum da na'ura kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa baya, kuma har yau ba wanda ya kawo shaidar cewa ɗayansu zai iya shi kaɗai.